Ranar da Na Koya wa Bature Turanci

Ba zan taɓa mantawa da safiyar Lahadin nan ba, kuma ko na so in manta ba za a bar ni ba, domin akwai mutum arba'in da 'yan kai a tashar jiragen ruwa ta Jidda da suke tuna min ita duk ranar da shayi ya yi musu daɗi. Ita ce ranar da na tsaya a tsakiyar warsha, wurin da muke gyaran injina, da alƙalamin allo a hannu, na rantse sai na koya wa Bature ɗan Ingila yadda ake furta Turanci. Kafin ku fara dariya bari in faɗa muku gaskiya: kunya kam na sha ta har na ƙoshi, amma har gobe ban yarda ba ni da hujja ba.

A unguwar Ruwais ta nan Jidda aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina. Kakanmu ne ya zo aikin Hajji daga ƙasar Katsina, ya ga teku ya zauna. Karatun zamani ban yi nisa ba, ɗan wanda na yi ɗin ma da Larabci ne. Inda na yi nisa shi ne Alƙur'ani, a gaban wani malami wanda zai iya yafe maka makara amma ba zai yafe maka harafi ba. Ka haɗiye harafi ɗaya, ka maimaita ayar sau ashirin. "Kowane harafi ka ba shi haƙƙinsa," haka yake cewa, kuma a kan haka na tashi. (Ku riƙe wannan, shi ne ya kai ni ya baro.)

Aikina gyaran winshi ne, manyan injinan nan masu ɗauko kwantena daga cikin jirgi. Shekara ashirin da shida ina yi. Daga nesa in na ji ƙarar inji zan faɗa maka abin da ke damunsa, kowa a warsha Usta yake ce min, wato gwanin sana'a. Amma iƙamata, katin zaman nan da ba ma fita sai da shi, kalma ɗaya take ɗauke da ita a wurin sana'a: amil. Lebura ke nan. Duk shekara in aka sabunta ta sai na duba wurin, sai ka ce rubutun zai ji kunya ya canza da kansa.

Turancina kuwa a bakin Ammu Alek, wato Baffa Alek, na ɗauke shi. Tsoho ne ɗan wani ƙauyen masunta a arewa maso gabashin Scotland, gajere, jajir, tafin hannunsa kamar faranti. Shekara goma sha biyu muna aiki tare. Kullum ƙarfe tara za mu zauna bayan kabad ɗin kayan aiki da burodin tamis da waken ful da shayi mai na'ana'a, shi yana zuba ni ina kwashewa. Gaisuwarsa ta safe ita ce "Fit like?", wato yaya dai, ni kuma in ce "Nae bad", ba laifi. Duk inda Turawan talabijin ke hura iska su ce what, where, when, shi da f yake farawa: fit, far, fan.

Abin da ya ƙulla mu shi ne maƙogwaro. Wata rana yana so a kunna fitila ya ce licht, da sautin nan na kha da muke yi a Larabci, ni kuma na maimaita ba da wata niyya ba. Ya ajiye sifana ya kalle ni. Ya ce in sake. Na sake. Ya ce nicht, dare, na ce nicht. Ya ce richt, daidai, na ce richt. Tsohon nan ya buga cinya ya ce shekara talatin yana yawo a duniya bai ga wanda ya fitar da ita haka ba, 'yan Ingila ma ba sa iyawa. To, ka faɗa wa ɗan Ruwais ya fi 'yan Ingila iya wani abu a Turanci, ka gani in kansa zai sake shiga hular kwano.

Na sayi littafi na fara rubutawa da haruffan Larabci, tunda mu muna da kha a ajiye, a gefe kuma in sa shi ya rubuta min da nasu baƙaƙen. Na lura yau zai rubuta kalma haka, gobe ya rubuta ta daban. Da na tambaya ya ce su ba su da littafi ɗaya da ya yanke hukunci, kowa yadda ya ji a bakin uwarsa yake rubutawa. Ya kuma ce min, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, "Wannan fa ba irin na makaranta ba ne." Allah shaida ya faɗa.

Matsalar ita ce yadda na fassara maganar. Mu da muka tashi a nan mun san Larabci hawa biyu ne. Akwai fusha, na huɗuba da littattafai, wanda ake fitar da kowane harafi daga mafitarsa, akwai kuma na kasuwa, wanda muke yanke wa kalma kai da ƙafa don sauri. Sai wata rana na ga an rubuta night a takardar rabon aiki, ga g ga h zaune daram a tsakiya. Na saurari yadda 'yan ofis ke faɗa: nait. Ina g? Ina h? Sun haɗiye. Ammu Alek kuwa da nicht ɗinsa yana ba su haƙƙinsu. Nan take abin ya fito min fes: tsohon nan fushar Turanci yake yi, sauran duniya kuma na kasuwa. Ai malaminmu ya faɗa mana malaman nahawu ma wurin mutanen ƙauye da na sahara suka je suka ɗauko Larabci mai tsafta. To ga ɗan ƙauye Allah ya kawo min har warsha. Da ya ce ba na makaranta ba ne, ni na ɗauka ya wuce makaranta. Har na lura in yana waya da manya a ofis yakan canza baki gaba ɗaya ya koma irin nasu, sai in ce a raina, Allah sarki, tawali'u, saukowa yake yi daidai fahimtarsu, kamar liman in ya sauko daga mumbari.

Shekara huɗu da suka wuce Ammu Alek ya yi ritaya ya koma ƙauyensu, ya bar ni da amanar harshe. Na riƙe ta hannu bibbiyu. Na bi warsha na liƙa takardu da irin rubutunsa. Akwatin fitilu, LICHTS. Gajeriyar ƙofar nan da mutane ke buga goshi, MIND YER HEID, wato kula da kanka.

An yi min gargaɗi, ba zan ci haƙƙin kowa ba. 'Yata Sumayya da ke jami'a ta taɓa jin ina waya da tsohon, na gama ta ce, "Abuya, wallah hada ba Ingilizi ba ne. Ko kalma ɗaya ban gane ba."

Na ce, "Ina za ki gane, ke da aka koya wa na talabijin? Ki gama na kasuwar tukuna, in kin ƙware ki zo in ɗora ki."

Ta kalli uwarta, uwarta ta kalli silin.

Wanda ya fi shan wahalata shi ne Bashir, injiniya ɗan Kaduna da ya zo mana shekara uku da suka wuce, mai ladabi, da digirinsa. In ya ce rait sai in ce, "Richt, ya waladi. Daga maƙogwaro." A gaban mutane fa. Ya ce, "Usta, a makaranta dai ba haka aka koya mana ba." In ce, "Na sani, ba laifinka ba ne." Sai ya yi murmushi ya ce to. (Allah ya saka wa iyayensa da alheri. Da ni ake yi wa haka da tuni na jefi wani da sifana.)

Ana nan sai sabon kamfani ya karɓi warshar, kafili, wato mai tsaya mana a takardun zama, ya canza, aka ce ana neman mushrif, mai kula da ma'aikata, kuma duk wanda aka ba za a gyara masa sana'a a iƙama. Mu biyu aka tsayar, ni da Bashir. A wajen aiki kowa ya san babu haɗi, shi kansa Bashir ya faɗa da bakinsa. Sharaɗi ɗaya ne: mushrif shi ke yin jawabin kiyaye haɗari kowace safiya, kuma da Turanci, saboda akwai 'yan Filifin da Indiyawa da 'yan Nepal. Sabon mudir, wato manaja, wani dogon Bature daga kudancin Ingila, ya ce ranar Lahadi kowannenmu ya yi minti biyar ya ji.

Turanci! Na ce halas, an gama. Har tausayin Bashir na ji. Ranar Alhamis ya same ni ina wanke hannu ya ce, "Usta, don Allah ka kawo jawabin naka mu duba tare, ko sau ɗaya ne."

Na dafa kafaɗarsa na ce, "Kai dai ka ji da naka. In kana so ni in duba maka."

Ya ce to, ya wuce.

Ranar Lahadi na sa sabuwar rigar aiki mai guga, na shafa turaren da ba na taɓawa sai Juma'a. Na riga kowa zuwa, na cika farin allo da kanun jawabina. Bashir ya fara, ya yi nasa sumul, kowa yana gyaɗa kai, ni kuwa ina ƙirga haruffan da ya haɗiye. Na kai goma sha tara na daina don tausayi.

Aka ce Usta. Na fito na gyara tsayuwa.

"Gweed mornin, aabody!"

Shiru. Na ɗauka kwarjini ne, na ci gaba. Na ce kada kowa ya tsaya ƙarƙashin kaya, dinna staun aneth the load. Na ce a bi wayoyin wuta a hankali, ca canny. Na yi bayanin fit za a yi da fan za a yi da far za a tsaya. Kowace kha na ɗauko ta tun daga ƙirji, har tana amsawa a rufin kwano. Na ga wani ɗan Filifin ya leƙa fuskar na kusa da shi. Na ga Indiyawa suna kaɗa kai irin nasu wanda ba ka sanin e ne ko a'a. Mudir kuwa sai murmushi yake yi yana gyaɗa kai, na ce a raina yau bawan Allah ya ji abin da gidansu suka rabu da ji tun zamanin kakanni.

Na gama, aka ɗan tafa. Mudir ya juya wurin Bashir ya yi magana ƙasa-ƙasa. Bashir ya sunkuyar da kai ya matso kusa da ni, ya yi min da Hausa don ya rufa min asiri.

"Usta, ya ce da alama jawabin ya yi kyau sosai. Amma wai da Turanci ake so. Yana tambaya ko Hausa ce ka yi."

Mai hankali a nan zai tsaya. Zai ce ma'alish, a yi haƙuri, ya nemi kujera, ya bar Allah ya yi ikonsa. Ni kuwa sai na ji jini ya hau min ka. Na cire murfin alƙalami, na goge gefen allo da hannun riga, na rubuta NIGHT da manyan baƙaƙe, na ja layi biyu ƙarƙashin g da h. Na nuna mudir da alƙalamin, mutumin da takardata ke kan teburinsa, na ce ya karanta.

Ya ce, "Nait."

Na ce, "La, la, la." Na ƙwanƙwasa allon. Na tambaye shi waɗannan biyun ado aka sa su? Na yi masa bayani, rabi da Larabci rabi da harshen Ammu Alek, cewa harafi amana ne. Na kama maƙogwarona na nuna masa inda sautin ke fitowa. "Nicht. Yalla, faɗi."

Kuma wallahi ya gwada. Ya yi wani sauti kamar ƙayar kifi ta maƙale masa. Na ce bai yi ba, ya sake. Bashir yana jan hannun rigata yana cewa, "Usta, please, Usta," ina fizgewa.

A karo na uku ne mudir ya tsaya cak. Ya kalli allon, ya kalli takardar da ke saman gajeriyar ƙofa, ya kalle ni. Ya tambaya a hankali wa ya koya min. Na faɗa da alfahari, har da sunan ƙauyen. Sai mutumin nan ya fashe da dariya, irin wadda ba a shirya mata ba, har ya dafa teburin aiki hawaye na zuba. Ya ce ya yi shekara biyu yana aiki can wajen Aberdeen, kullum sai an yi masa tafinta, bai taɓa zaton abin zai biyo shi har Bahar Maliya ba.

Bashir ya ƙarasa min sauran yana kallon takalminsa. "Usta, ba fusha ba ne. Maganar yankinsu ce, Dorik ake ce mata. Kamar a ce mutum ya koyi Larabci a ƙauyukan duwatsun Jizan ya zo zai karanta labarai a talabijin."

Na ce, "Kai ka sani?"

"Tun watan farko, Usta. Na bincika."

"Shekara uku?"

"Na yi ta ƙoƙarin faɗa maka."

Kafin minti ɗaya an fassara labarin zuwa harsuna huɗu, warsha ta ɗauka. Har mai gadinmu ɗan Sudan, wanda ko yes bai sani ba, yana riƙe ciki. Ni ga ni tsaye da alƙalami ba murfi, gumi ya jiƙa sabuwar riga, turaren Juma'a yana ta tashi a banza. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma kankare ne da aka zuba don ɗaukar kwantena, ba shi da niyya. Abin da kawai na iya cewa, kuma da ƙarfi na faɗa, shi ne, "To g da h ɗin fa?"

Bayan la'asar na tsaya da mota a ƙofar gida, na kasa shiga. Na kira Ammu Alek ta bidiyo. Ya ɗauka yana kicin ɗinsa cikin rigar sanyi, ya ƙara tsufa.

"Fit like?"

Ban amsa gaisuwar ba. Na ce ya cuce ni. Na ce shekara goma sha biyu yana ɗura min yaren ƙauye, ya bar ni na tozarta a gaban Indiya da Filifin, muƙamin da na jira rabin rayuwata ya tafi. Da farko dariya ya yi har da tari, musamman wurin da na sa mudir maimaitawa, sai da ya sa na sake ba shi wurin. Da ya duba fuskata da kyau sai ya daina.

Ya ce, "Na faɗa maka ba na makaranta ba ne."

Na ce ya faɗa.

Ya ce amma ba lalataccen Turanci ba ne, kada in yarda kowa ya ce min haka. Harshensu ne na Scots, irin na yankinsu, da shi kakarsa ta rene shi. Ya ɗaga tafin hannunsa ga kyamara ya ce a nan malamin firamare ya zabga masa bel don ya ce aye a aji maimakon yes. Tun daga ranar ya koyi ajiye baki biyu, ɗaya na ofis, ɗaya na gida.

"Shekara talatin ina ƙasashen mutane da bakin ofis," in ji shi. "Kai kaɗai na yi wa magana da bakin gida, don kai kaɗai ka amsa min da shi. Yadda nake yi wa ƙanena magana haka nake yi maka. Da na san zai ci maka aiki, da irin na mudir na yi maka."

Fushin ya rasa wurin zama. Na tuna yadda 'yan'uwa ke zuwa Umara daga Katsina su zauna a falona, su ci abincina, suna kwaikwayon Hausata wai ta Takari ce, mu 'yan zaman Saudiyya. Na tuna 'ya'yana da nake yi wa Hausa suna mayar min da Larabci. Na ji tausayinsa, na ji tausayin kaina, na kuma ji kunyar da ta fi ta safe.

Na ce, "Da irin na mudir ka yi min, da ban saurare ka ba."

Ya ce, "Aye."

Na ce, "Nae bad."

Ya ce me? Na ce amsar gaisuwarka ce, ta makara a hanya.

Bashir aka ba mushrif, kuma ya cancanta, duk da har yanzu yana haɗiye haruffa. Da aka sabunta iƙamata bana na duba wurin: amil. Ya yi min ciwo, ba zan ɓoye ba, kuma duk lokacin da na ciro katin a ƙofar tasha sai na ji shi. Sumayya tana koya min na kasuwar kowace Juma'a bayan an sauko, tana cewa, "Abuya, nait, bas, ba kha," ni kuma ina yi kamar mai shan magani.

Amma takardun warsha suna nan. A satinsa na farko Bashir ya zo yana sosa ƙeya ya ce ko za a canza su. Na ce shi ne mushrif, ya cire da hannunsa. Ya tsaya gaban gajeriyar ƙofa ya daɗe, sannan ya ce ai tun da aka liƙa wannan ba wanda ya sake buga goshi, a bar ta.

Darasin da na ɗauka shi ne, kafin ka cire murfin alƙalami ka gyara wa mutum harshen uwarsa, ka fara tambayar malaminka shi ɗan wane gari ne. In kuma mai digiri ya ce ka kawo a duba, ka kai. Wannan na koya, kuma da tsada. Ban dai ce na tuba ba. Shekaranjiya mudir ya ratsa ta warsha, ya ɗaga min hannu yana murmushi ya ce, "Aa rikt, Usta?"

Rikt, wai. Da k.

Na ajiye sifana na gyara masa.